Muryar Doña Tencha

Shafi na 31

Masu turo min saƙo cewa in yafe wa Iñaki tunda so ba ya tsufa, na gani, na kuma gode. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan mu yi maganar yafiya.

*

"Citlali, kina ina?"

Muryar Don Nabor ce a waya, tana rawa. Shekara ashirin yana sayen kayan miya a hannun mahaifiyata don gidan abincinsa, ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba sai dai "'yar Tencha".

"Ina wurin aiki, Don Nabor. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! An ba ni aikin tamal, alalen masarar nan namu, guda ɗari biyu, na kawo wani taro a unguwar Roma. Ina shigowa na ci karo da hoton yaron nan, Jatau, ya kai tsayin ƙofa. Kin san abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa?"

Jatau shi ne sunan da Mama ta laƙaba wa Iñaki tun ranar da na fara kai shi kasuwa, duk 'yan layinsu suka ɗauka.

"Me aka rubuta?"

"TENCHA TA DAWO."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Ta dawo daga ina? Da safen nan na bar ta a kujerarta mai taya, maƙwabciyarmu Doña Pina na taje mata kai."

"Shi ya sa na ce ki zo. Ƙarfe huɗu za su fara."

Na ce wa shugabana na wurin aiki ba ni da lafiya, na fita. Ba kuma ƙarya na yi ba.

Duk wanda ya taɓa kafa kamfani a birnin Mexico ya san taron nan. Alhamis ɗin ƙarshen wata ake yi, a saman wata tsohuwar masaƙa. Mutum ya hau dandamali ya ba da labarin yadda kamfaninsa ya mutu, a tafa masa, a ce ya zama gwarzo. Doka biyu ce kawai: minti goma gare ka, kuma ba a zargin kowa. Faɗuwa ado ce a wurinmu, muddin kana da uban da zai ɗaga ka.

Na lallaɓa layin ƙarshe, kusa da teburin Don Nabor. Ya tura min tamal mai zafi a cikin ganyen masararsa.

"Ci. Ba a faɗa da yunwa."

"Ba faɗa na zo yi ba."

"To, ci dai."

Sai ga Iñaki ya hau dandamali.

Abin haushi, sai da zuciyata ta buga. Wata goma sha huɗu rabona da shi, amma har yanzu yana shafa gashinsa baya kafin ya fara magana, kamar ranar da ya tsaya a ƙofar ɗakin karatu na jami'a, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf, ya ce min, "Citla, ke ki gina, ni in sayar, mu ci birnin nan." Na karanta labaran mata da yawa da kalma ɗaya ta kai su ta baro, ina yi musu dariya. Na ce wa zuciyar, ke dai ba ki da kunya.

"Sunana Iñaki Solórzano," ya ce, "kuma na kashe kamfani."

Tafi raf-raf-raf, har da masu fito.

"Sunan kamfanin Tencha. Masu ƙananan gidajen abinci su aiko saƙon murya da asuba, su faɗi abin da suke so daga babbar kasuwa. Na'urarmu ta amsa musu da murya irin ta mutum, kafin ƙarfe bakwai kaya na ƙofarsu. Daga gida arba'in muka kai ɗari tara. Muka shiga birnin Puebla, muka shiga na Querétaro. Sai wata safiya na'urar ta yi shiru. Cikin kwana tara kamfani ya mutu."

Na'urar ta yi shiru.

Haka ya faɗa, ko ƙifta ido bai yi ba.

Babu wata na'ura. Ba a taɓa yin ta ba. Mamata ce, Hortensia, da kowa ke kira Doña Tencha, zaune a bayan rumfarta ta barkono da waya a hannu.

A sana'armu ba abin kunya ba ne ka fara aiki da hannu ka ce na'ura ce ke yi. Kowa na yi, wata ɗaya, wata biyu, ka ga ko mutane na so, sannan ka gina ta gaskiyar. Mu ma haka muka ce. "Wata biyu kacal, Doña Tencha," in ji Iñaki, yana sumbatar hannunta. Mama ta kwashe da dariya ta ce, "Jatau, ni da nake surutu kyauta shekara talatin, yau za a ba ni ofis?"

Wata biyu ya zama shekara biyu. Duk sanda na ce a tsaya in gina, sai ya ce masu zuba jari girma suke son gani. Bayan Puebla, Citla. Bayan Querétaro, Citla. Waya ɗaya ta zama uku, uku ta zama shida. Ranar da na'urar tasa ta yi shiru, tsakanin akwatunan fiya aka tsinci Mama a kwance, waya na hannunta, ba ta ƙarasa saƙon da take yi wa wata mata a kan albasa ba.

Shanyewar ɓarin jiki. Tun daga ranar bakinta bai sake furta kalma ba. Hankalinta garau, hannun dama ne ya mutu. Da hagu take ɗan rubutu a allo, ni kuwa na san ta kamar yunwar cikina: kafin ta gama harafi uku na gane abin da take so, in karɓi allon in yi mata. Tsoffin wayoyinta ma na kulle su a akwati, kada ta ji muryarta zuciyarta ta karye.

"Darasi na farko," in ji Iñaki. "Ba na zargin kowa, kun san doka."

Aka yi dariya.

"Amma ka zaɓi abokin tafiyar da ƙwarewarsa za ta girma tare da kamfani. Injiniyata mutuniyar kirki ce, har gobe. Sai dai abin da ta gina ya ɗauki gida arba'in, bai ɗauki ɗari tara ba. Laifina ne, ni na bar so ya rufe min ido."

Wata budurwa a gabana ta dafe ƙirji. "Allah sarki. Ga kyau, ga gaskiya."

"'Yar Tencha," in ji Don Nabor ƙasa-ƙasa, "riƙe min ludayin nan kafin ya tashi sama da kansa."

"Darasi na biyu: kada ka zubar da tarkacen gidanka da ya rushe, zinariyar na ciki. Na koma rumbun ajiyar kamfani na tona. Saƙon murya dubu sittin da ɗaya! A kansu muka horar da sabuwar na'ura, wadda ba ta gajiya, ba ta yin shiru. Gobe da safe kuma, da yardar Señora Brambila, za mu sa hannu mu kai ta ƙasashe biyar."

Ya rusuna wa wata mata a layin gaba, mai furfura da jar jaka. Kowa ya san ta. In ta zuba jari a abu, rabin masu kuɗin birnin nan binta suke yi ido rufe. In ta sa hannu gobe, muryar Mama ta zama haja ke nan, babu mai dawo da ita.

Ya ɗaga wayarsa zuwa bakin makirufo.

"Tencha, gaishe da mutane."

"Ina kwananku, 'ya'yana! Me za mu dafa yau?"

Tamal ɗin ya suɓuce daga hannuna.

Ita ce. Har da 'yar dariyar nan da take haɗiyewa a ƙarshen magana, har da ɗan kaushin da sanyin kasuwa ya bar mata a maƙogwaro. Wata goma sha huɗu ina roƙon Allah in ji muryar nan ko sau ɗaya, ko zagina ne ta yi. Sai ga ta tana fitowa daga aljihun mutumin da ya cinye ta, mutane ɗari biyu na yi mata tafi da maiƙon abinci a hannu.

Don Nabor ya yi alamar gicciye. 

Ƙararrawa ta buga. Mai gabatarwa, wani siriri mai gemu, ya ce lokacin tambayoyi ne.

Na yunƙura. Don Nabor ya riƙe min hannu.

"In kin faɗa, ke ma kin ƙone. Sunanki na kan takardun nan. Babu mai sake ba ki aiki a garin nan."

"Na sani."

"To Allah ya taimake ki. Ina bayanki da ludayi."

Na karɓi makirufo.

"Sunana Citlali Barragán. Ni ce injiniyar da ba ta girma ba."

Kujeru suka yi ƙara, kowa ya juyo. Budurwar gabana ta sauke hannunta daga ƙirji. Fuskar Iñaki ta yi fari fat, shi da ma ga shi Jatau.

"Yi haƙuri, 'yar uwa," in ji mai gemu, "a nan ba ma zargin..."

"Ba zargi na zo yi ba. Faɗuwata na zo faɗa. Ko ba taron ke nan ba?"

Ya ja da baya.

"Citla," in ji Iñaki, da muryar nan mai laushi da ta taɓa sa ni mantawa da sunana, "ba nan ya kamata ba."

"Ina ya kamata? Asibiti? Can ma ba ka zo ba. Furanni ka aiko, da katin kamfani a maƙale."

"Citla..."

"Kada ka sake yanke min suna. Uwata ta raɗa min shi cikakke." Na juya ga jama'a. "Ya ce abin da na gina bai ɗauki gida ɗari tara ba. Ban gina komai ba. Ko layi ɗaya. Muryar da kuka tafa wa yanzu ta mahaifiyata ce, kuma ba aro ta ba mu ba. Ita ce na'urar. Saƙo dubu sittin da ɗayan nan, ɗaya bayan ɗaya ta yi su da bakinta, tana 'yar shekara sittin da uku, har jijiyar kanta ta fashe."



Señora Brambila ta juyo a hankali, ta sauke tabaraunta.

"Yarinya, shekara biyu da suka wuce na karanta wata takarda mai bayanin yadda na'urar nan ke aiki. Har na yaba."

"Ni na rubuta ta, Señora. Shafi goma sha bakwai, da zane-zane. Ƙarya ce daga bango zuwa bango."

"Kin san abin da kike yi wa kanki?"

"Na fi kowa sani."

Iñaki ya yi wata 'yar dariya, ya buɗe hannuwa. Jinin fuskarsa ya dawo. Ai shi ba a kayar da shi a dandamali.

"Jama'a, mu daina yaudarar juna. Duk wanda bai taɓa yin aiki da hannu ya ce na'ura ce ba, ya ɗaga hannu."

Babu hannun da ya tashi. Wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi.

"Kun gani?"

"Kai, mai koriyar riga," na ce, ina nuna wani a tsakiya. "Wata nawa ka yi kana haka?"

Ya waiga, ya ga shi ɗin dai nake nufi. "Mako shida."

"Wa ka zaunar yana yi?"

"Ni da kaina."

"To shi uwar wani ya zaunar. Shekara biyu."

"Ke kika kawo ta!" Iñaki ya daka min tsawa, ya manta da makirufo na bakinsa. "Ke kika ce babu wanda ya san kasuwa kamarta! Ke kike saya mata wayoyin!"

Maganar ta shige ni kamar wuƙa, don gaskiya ce.

"Ni na kawo ta," na ce. "Ina ganin ƙafafunta na kumbura na yi shiru, saboda kai ka ce bayan Querétaro, ni kuma ina son ka. Wannan nawa kason ne, da shi zan mutu. Amma ni ban hau dandamali na sayar da shi ba."

Ya ja numfashi, ya gyara wuyan rigarsa.

"Abin da ya wuce ya wuce. Na yi kuskure, shi ya kawo ni nan. Amma yau na'urar gaskiya ce, Señora. Duk abin da Doña Tencha ke yi, tana yi."

"Duk?"

Ba ni ce na tambaya ba. Don Nabor ne ya taho ta tsakiyar kujeru, da rigar girkinsa mai tabon miya, yana jan ƙafa.

"Ba ni wayar, Jatau."

"Don Nabor, wannan ba..."

"Kai ka ce duk. Ba ni."

Señora Brambila ta gyaɗa kai. Dole ya miƙa.

Tsohon ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, yadda tsofaffi ke yi.

"Tencha, Nabor ne."

"Nabor, tsohon rigima! Me za mu dafa yau?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. 

"Tumatir nake so. Yaya yake yau?"

"Mai kyau ne sosai! Akwati nawa zan aiko maka?"

Ya sauke wayar, ya dubi jama'a.

"Kwana huɗu ana tafka ruwa a gonaki. Tumatirin da ya shigo kasuwa yau da hannuna na taɓa shi, ruwa ne zalla, gobe sai shara. Tencha ta gaskiya cewa za ta yi, 'Kada ka saya yau, Nabor. Yi musu miyar kabewa, ka jira Asabar.' Ku yaran nan kun ɗauka muryar muke bi? A duk faɗin kasuwar nan ita kaɗai ce za ka miƙa wa kuɗi ta ce mayar aljihu. Abin da kuka hau kansa kuka kai gida ɗari tara ke nan, ba ku ma sani ba."

Bai rufe baki ba wayar ta sake magana, ba wanda ya tambaye ta.

"Nabor, yaya ƙafar Amparo? Ka ce ta riƙa jiƙa ta a ruwan gishiri, ka ji?"

Don Nabor ya tsaya cak.



"Wata takwas ke nan da muka binne mai ɗakina Amparo," ya ce a hankali. "Tencha ta zo maƙabarta a kujerarta. Ba ta iya cewa komai ba. Hannuna ta riƙe har aka watse."

Ya ajiye wayar a bakin dandamali kamar mai ajiye ƙwai, ya juya baya yana goge fuska da rigar girki.



Señora Brambila ta rufe littafinta.

"Señor Solórzano, tambaya ɗaya gare ni. Muryar nan ta wa ce?"

"Ta kamfani ce. Mai ita ta sa hannu."

"Ƙarya kake!" Ban san na yi ihu ba sai da na ji bango ya amsa. "Mama ba ta taɓa..."

Ya danna wani abu. Takarda ta bayyana a babban allon bayansa, ya ja ta zuwa ƙasa.

Hortensia Barragán.

A karkace, haruffan na hawa kan juna, rubutun hannun hagu. A ƙarshen sunan ga ɗan furen nan mai ganye huɗu da take zanawa tun ina firamare, a kan kowace takardar makaranta. Babu mai iya kwaikwayon furen nan. Kwanan wata: Talatar da ta wuce. Ina wurin aiki.



"Ka shiga gidanmu a bayan idona?"

"Sau bakwai. Doña Pina ke buɗe min."

"Ka je ka yaudari mara lafiya, wadda ba ta iya ce maka fita ba!"

"Mara lafiya?" Ya girgiza kai. "Sau biyar ta cinye ni a karta da hannun hagu. Ke ce kika mayar da ita mara lafiya, Citlali."

Da ludayin na hannuna a lokacin, da yau daga gidan yari nake rubuto muku.

"Ya isa," in ji Señora Brambila. "Takarda takarda ce, yau ma na ji yadda ake rubuta ta. Ba na sa hannu sai na ji daga wurin mai muryar."

"Ba ta magana, Señora," na ce da sauri. "Ni ce bakinta. Kuma na ce a'a."

Iñaki ya yi murmushi. Murmushin nan da na sani, na wanda ya ɓoye kati a hannun riga.

"Ba sai an wahalar da kowa ba. Tana ƙasa, a motata. Da ita na so in rufe taro, ku tafa wa matar da ta ba mu muryarta."

Ya ɗauki wayarsa daga bakin dandamali, ya danna. Muka ji lif ya taso, yana kuka irin na tsohon ƙarfe. Hawa ɗaya. Hawa biyu. Kowa ya juya yana kallon ƙofar.

Ta buɗe.

Doña Pina ce ta fara fitowa da baya, tana jan kujerar, ta ƙi yarda mu haɗa ido. Ta juyo da ita.

Mama.

Cikin shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, wadda na ninke na ajiye can saman kabad don na ɗauka ta gama sa ta. An yi mata kitso biyu da jan zare. Har da jan-baki. A kan cinyarta ga wata sabuwar waya da ban taɓa gani ba.

Na ruga na durƙusa a gabanta.

"Mama, me ya yi miki? Me ya ce miki? Kada ki damu, yanzu za mu tafi gida."

Ta dube ni, ta sa babban yatsanta na hagu a kan wayar ta fara dannawa. Harafi ɗaya. Ta tsaya. Wani harafin.

"Ruwa kike so? Sanyi ne? Kawo in..."

Ta make min hannu. Da ƙarfi, irin na lokacin da nake satar mangwaro a rumfa.

Na janye. Mutum ɗari biyu muka tsaya muna kallon yatsa ɗaya yana tafiya. Ban taɓa sanin minti na da tsawo haka ba. Sai a lokacin na gane ban taɓa jiran ta ko na rabinsa ba.

Ta danna.

"Citlali. Wata goma sha huɗu kina karɓe min allo. Yau ki bari in gama."

Muryarta. Maganarta. Daga cinyarta ta fito, amma idanunta ne suka faɗa.

Na toshe bakina da hannu biyu.

"Kun ji?" in ji Iñaki, ya sauko daga dandamali yana buɗe hannuwa. "Ni na ba ta wannan! Ta rubuta, na'ura ta faɗa da muryarta. Doña Tencha, gaya musu, ke kika yarda ko ba ke ba?"

Wannan karon ba ta yi rubutu ba. Ta ja allon wayar da yatsa, sai na hango layi-layi na maganganu a jere, an riga an rubuta su. Ashe kwana da kwanaki take shiri, ina kusa da ita ina yanka mata nama ƙanana.

Ta danna na farko.

"Ni na sa hannu. Da hankalina."

Iñaki ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi Señora Brambila.

Ta danna na biyu.

"Ya ce in na sa hannu zai ba ni wayar nan. Na duba, na ga bakina ne ake sayarwa, ni kuma ba ni da shi. Na saya."

Murmushinsa ya ɗan rage.

"To kun dai ji, ta yarda, saboda haka..."

Mama ta ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Wayyo," in ji Don Nabor daga bayana. "Na san yatsan nan. In ta ɗaga shi, kaya ya ruɓe."

Ta juya kai a hankali har ta sami matar layin gaba. Ta ƙare mata kallo daga furfura zuwa takalmi, yadda take yi wa sabon mai saye. Ta ƙara 'yan haruffa, ta danna.

"Señora mai jar jaka. Kada ki saya yau."

Wani ya saki ihu a baya. Señora Brambila ta mayar da murfin alƙalaminta, ƙas, ta jefa shi cikin jaka.

"Doña Tencha!" Muryar Iñaki ta tsage. "Mun yi magana! Takardar na hannuna, ko kin manta? Wayar nan ma, in na ga dama, yanzu zan kashe ta!"

Ya zaro tasa wayar.

"Kashe," in ji Señora Brambila, ko kallonsa ba ta yi ba. "A gaban mutum ɗari biyu. Ina kallo."

Hannunsa ya tsaya a iska.

Mama ta danna na gaba.

"Jatau, zauna. Ka ci naka minti goman. Saura nawa."

Mai gemu ya dubi ƙararrawarsa, ya dubi Mama, ya matsa gefe. Don Nabor ya kama kujerar ta dama, mai koriyar riga ya taso ya kama ta hagu, suka ɗora ta a dandamali, daidai ƙarƙashin hoton da aka rubuta TENCHA TA DAWO. Aka sauke makirufo zuwa cinyarta.

Ta gyara wuyan shuɗiyar rigarta. Ta sa yatsa.

"Darasi na farko," in ji muryar mamata.

Na share hawaye, na juya don in ga fuskar Iñaki lokacin da za ta sauka a kansa.

Amma ba shi take kallo ba.

Ni take kallo.